Dubu 350 ce a hannuna, wace laftof za ta ɗauki kwamfutocin ciki?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yayyena da malamaina, shawara nake nema kafin in ɓarnatar da kuɗin mutane. Zangon da za mu shiga akwai darasin tsaron netwok da na kula da saba, kuma an ce kowa ya nemi laftof da za ta iya tayar da kwamfutocin ciki, wato VM, kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin laftof ɗaya, aƙalla uku a lokaci guda: Windows Server, Windows ta ma'aikaci, da Kali, wato Linux ɗin gwajin tsaro. Kawuna ya ce zai ba ni dubu 350, ko sisi ba zai ƙara ba. Na zaga shaguna nan Gusau na ga guda uku. Ta farko sabuwa dal cikin kwali, Celeron, ram giga 4. Ta biyu ta hannu ce amma kamar ba a taɓa ta ba, siririya, Core i7, ram giga 8, har allonta ana shafawa. Ta uku ThinkPad T480, Core i5, ram giga 8, baƙa ƙirin, gefenta duk ya goge. Gaskiya raina yana kan ta biyun. Kawu kuwa ta kwali yake so. Me kuka gani?

Bakabe: Wa alaikumus salam. Ta kwalin nan cire ta daga lissafi tun yanzu. Celeron mai giga 4, Windows ɗin da ta zo da ita ma da ƙyar take numfashi, balle ka ɗora mata wasu uku a kai.

Mai Gyara: Ƙanena, kafin kowa ya ce maka komi, koma shagunan nan ka karanto muna cikakkiyar lambar furosesa. Ba sitikar da anka manna kusa da kibod ba. Ka ce a kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance, ka taɓa CPU. Lambar tana nan sama ta hannun dama. Ɗauko hoto.

Ɗan Tudun Wada: Yaya, dama na ɗauka ɗazu. Siririyar i7-7500U ce. Baƙar kuma i5-8350U.

Mai Gyara: Madalla. To baƙar ta fi siririyar ƙarfi, kuma ba kaɗan ba.

Ɗan Tudun Wada: Ikon Allah. Ni fa a sanina 7 gaba take da 5.

Mai Gyara: Haka masu shago ke so ka ci gaba da sani. Dubi lambar farko bayan ɗan layin nan. 7500U zubi na 7 ne, 8350U zubi na 8. A zubi na 7, duk furosesar laftof mai U a ƙarshe ƙwaya biyu ɗai gare ta, wato core, injinan da ke yin aikin a cikinta, ko i5 ce ko i7. Da Intel sunka fito da zubi na 8 a 2017 sai sunka mai da i5 da i7 masu U ƙwaya huɗu. Kai kuma kowace kwamfutar ciki da za ka tayar sai ka yanka mata ƙwaya ɗaya ko biyu. Mai ƙwaya biyu, in ka ba Server ɗaya ka ba Kali ɗaya, ita uwar gidan, Windows ɗin laftof ɗin kanta, da mi za ta yi aiki? Na biyu, Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 ta fara karɓa, in ka cire 'yan ƙalilan. Windows 10 kuma Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Ɗalibin tsaro shina yawo da na'urar da anka daina toshe wa ɓaraka, ai abin dariya ne. Ana iya yi wa Windows 11 dabara ta hau zubi na 7, mu ma muna yi wa mutane, amma ba abin da zan ce ka kashe dubu ɗaruruwa a kai ba ne.

Wani abu kuma, tun da ana nan. In ka ga lamba irin 1135G7, kada ka ce zubi na 1 ne. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa.

'Yar Mafara: Malam Mai Gyara ya gama da furosesa, amma ni ba nan na fi jin tsoro ba. Ƙanina, duka ukun da ka lissafa babu wadda za ta yi maka aikin nan yadda take a yanzu, har baƙar. Ram ne zai fara kayar da kai. Ram kamar tukunyar tuwo ɗaya ce a gida: mai gida zai ci, kuma duk baƙon da ka saukar sai an ɗebar masa malmalarsa, wadda aka ba shi kuwa ba ta dawowa sai ya tafi. Yi lissafi da kanka. Windows 11 ta laftof ɗin, da burauza a buɗe kana karanta darasi, ka ware mata giga 4, kuma na yi mata rowa. Windows Server mai allo da madannai, mafi ƙarancin da Microsoft ta ce shi ne giga 2. Windows 11 ta ciki ba za ta yarda ta hau ba sai da giga 4. Kali giga 2. Nawa ke nan? 12. Kai kuma 8 gare ka. Abin da zai faru shi ne na'urar ta koma aron wuri a faifan ajiya, ka danna abu ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa mai shago ba “ram nawa ne a ciki” kaɗai ba ce. Ka tambaye shi gurbin ram nawa ne, kuma ana cirewa ko a liƙe yake da bod. Yawancin siraran nan an narka ram ɗin a jikin bod, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. T480 gurbi biyu gare ta, duka ana cirewa, Lenovo ta ce tana ɗaukar har giga 32. Yau ka sa 16, in ka fara samun ɗan aiki ka ƙara. Abin da ya sa masu harkar nan suke son ta ke nan duk da muninta.

Bakabe: Anti, muninta fa ya yi yawa. Kamar akwatin kayan aikin makanike.

'Yar Mafara: Ba zance za shi da ita ba.

Malamin Netwok: Salamu alaikum. Na ji daɗin yadda aka faro. Bari in ƙara abu biyu da nake gani wajen ɗalibai duk shekara. Na farko faifan ajiya. Har yanzu ana sayar da na'urori masu tsohon faifai mai juyawa, a ce maka tera ɗaya, ka ji yawa ka yi murna. Wannan faifan gudunsa bai wuce wajen mega 100 a daƙiƙa ba, SSD na SATA yana kai wajen 550, NVMe kuma ya ninka haka sau da dama. Windows uku suna karatu da rubutu a kan faifai mai juyawa lokaci guda, ba ka ga azaba ba. Gara SSD mai giga 256 da tera ɗaya mai juyawa. Amma 256 ɗin ma za ta cika maka da wuri: Windows 11 ta ciki tana neman a ware mata giga 64, Server 32, Kali 20, ga hotunan yanayi da za ka riƙa ɗauka kafin kowane gwaji don in ka lalata abu ka koma baya. Su ne ke cin wuri a ɓoye. In da hali, 512.

Na biyu, a wannan shafin na Task Manager da aka ce ka buɗe, duba ƙasa akwai layin da aka rubuta Virtualization, wato ikon furosesa na tayar da kwamfutocin ciki. In ka ga Enabled, shi ke nan. In Disabled ne, ba lalacewa ba ce, a BIOS ake kunnawa, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A Intel sunansa VT-x, a AMD za ka ga SVM ko AMD-V. Amma ka tabbatar kana iya shiga BIOS ɗin a gaban mai shago. Zan bar wa Mai Gyara bayanin dalili, ya fi ni sanin wannan.

Manhajar tayar da VM kuwa kada ka biya ko kwabo. VirtualBox kyauta ce. VMware Workstation Pro ma an mai da ita kyauta tun 2024. Hyper-V yana cikin Windows Pro da Education, babu shi a Home. Windows Server akwai na gwaji na kwana 180 daga shafin Microsoft, ya ishe ka zango guda har da ragi.

Bakabe: Duk na ji, amma ni ra'ayina daban. Maimakon ya sayi tsohuwar na'urar ofis ta 2018, ya lallaɓa kawu ya ƙara, ko ya jira wata biyu, ya sayi ta 'yan gem. Furosesa mai H, ƙwaya shida ko takwas, ga katin hoto na Nvidia. Irinta nake riƙe da ita a nan Birnin Kebbi, ina tayar da VM biyar ba ta ko tari. Sayen abu sau ɗaya ya fi.

Mai Gyara: Bakabe, faɗa mishi nauyin cajarka.

Bakabe: Wannan kuma sharri ne.

Mai Gyara: Ba sharri ba ne, lissafi ne. Cajar na'urar gem wat 150 zuwa sama take ja, wasu har 230. Ta T480 wat 65 ce, kuma ta bakin USB-C, ko fawa banki mai ƙarfin PD shina iya ɗaga ta. Yaron ga a Tudun Wada yake, ba gidan da ke da inbata da fanel takwas ba. In anka ɗauke wuta, ta gem da VM uku a kunne ba ta kai shi ko'ina. T480 batir biyu gare ta, ɗaya ciki ɗaya waje, na wajen ana zare shi a sa wani ba tare da an kashe na'ura ba, kuma akwai babba mai 72Wh. Sannan katin hoton da kake taƙama da shi, kwamfutocin ciki ba su amfana da shi a irin aikin da anka ba su. Kuɗi ne zai zuba a abin da zai riƙa dumama mishi cinya kawai.

Ga zafi. Watan Afrilu a Gusau ko Birnin Kebbi, ma'auni shina haura 40 a inuwa. Na'urorin gem da ake kawo muna gyara, ka buɗe ka tarar ƙurar hunturu ta yi kirtani a bakin fanka kamar auduga, man da ke kan furosesa ya bushe ya zama gari. Da zafi ya yi yawa furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai mai ƙwaya takwas ta koma tafiyar mai biyu.

Bakabe: To ai ta ofis ɗin ma tana shan ƙura.

Mai Gyara: Tana sha. Amma furosesarta ta wat 15 ce, wutar da take hurawa kaɗan ce. Kuma kowace iri ce, a daina ɗora ta bisa katifa ko darduma, ƙofofin iskar a ƙasa suke.

Bakabe: Na yarda da maganar wuta. Ban yarda katin hoto banza ne ba. Ranar da aka ba su aikin fasa kalmar sirri da Hashcat zai neme ni.

Malamin Netwok: Ranar sai ya zo ka ara masa na awa ɗaya. Darasi guda ne a cikin zango.

Ɗan Kaura: Ni mamaki nake yadda kuke ta jayayya a kan ƙarfe. Duniya ta wuce nan. Ya sayi ko wace laftof mai arha, ya yi hayar saba a intanet. Microsoft na ba ɗalibai kyautar dala 100 a Azure, wurin hayar sabarsu, in kana da imel na makaranta, ba sai da katin banki ba. Ga shafukan koyon kutse na halal da ke ba ka Kali a cikin burauza. Ragowar kuɗin ya sa data.

'Yar Mafara: Ɗan Kaura, a Zamfara kake faɗar haka? Kai ba ka nan a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro? Makonni mutane na tafiya har wasu jihohi don su kira 'yan'uwa. Wanda ɗakin gwajinsa ke cikin jakarsa ya ci gaba da karatu, wanda nasa ke hannun intanet ya zauna kallon silin. Allah kada ya maimaita mana, amma ko yau ka fita wajen gari ka ga yadda netwok ke yi. Ga kuɗin data da aka ƙara a farkon 2025. Kuma dala 100 ɗin nan, ka manta saba ɗaya a kunne ka kwanta barci, kwana kaɗan za ka ga ta zube.

Ɗan Kaura: Anti, ban ce ƙarya kika yi ba. Amma duk aikin da ake ɗauka yanzu ana tambayar ko ka iya Azure ko AWS. In ya maƙale a VirtualBox kaɗai an bar shi a baya.

'Yar Mafara: Wannan gaskiya ne, kuma ni ma a kansu nake cin abinci. Ya koya, amma a matsayin ƙari. Wanda ya taɓa haɗa netwok da hannunsa a cikin na'urarsa, ya ba kowace adireshi, ya ga dalilin da ya sa wannan ba ta ganin waccan, in ya shiga Azure ba ya ruɗewa. Wanda ya fara daga can, madannai kawai ya haddace.

Admin: Jama'a a riƙa taƙaitawa, wasu da ƙaramar waya suke karantawa.

Mai Gyara: Admin, yaro zai kashe dubu 350, bari a faɗa mishi.

Autan Zaure: Ni tambaya gare ni a gefe. Yayana zai ba ni MacBook Air M1 da ya daina amfani da ita. Ita fa?

Malamin Netwok: Kyauta ba a mai da ta, karɓi abarka, na'ura ce mai kyau kuma batirinta na daɗewa. Amma ga wannan darasin za ka sha wuya. M1 ƙirar ARM ce, ba irin ta Intel da AMD ba. Kali na da nau'in ARM, Ubuntu ma haka, Windows 11 ma akwai. Windows Server kuwa da za ka sauke ka yi gwajin Active Directory, tsarin kula da asusun ma'aikata, na Intel da AMD ne, haka Metasploitable 2 da ake koyon kutse a kanta da yawancin na'urorin gwaji da malamai ke rabawa a filash. Za ka iya kwaikwayonsu da manhajar UTM amma da jan ƙafa. Ram ɗinta kuma ba a ƙarawa. Wanda zai saya da kuɗinsa don wannan karatun, ban ba shi shawara ba. Haka sababbin laftof na Windows masu Snapdragon, matsalarsu ɗaya.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai, na fahimta. Saura babbar matsalar: kawu. Na faɗa masa abin da kuka ce, ya ce shi ba zai ba da kuɗinsa a sayo abin da wani Bature ya gama yayinsa ya yar ba. Wai in ta mutu gobe wa zai kama?

Dattijon Zaure: Ɗana, kada ku raina maganar kawunka. Ni ban san ram ba, ban san zubi ba, amma na san ciniki. Abin hannu ba shi da shaida sai ta mai sayarwa. Mutumin da ya tara kuɗin nan da guminsa yana da haƙƙin ya tambaya. Ku da kuka sani, ku ba shi amsar da zai kai wa babba, ba ku ce masa tsoho bai waye ba.

'Yar Mafara: Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ƙanina, ga yadda za ka faɗa masa. Waɗannan na'urorin, irin su ThinkPad T da Dell Latitude da HP EliteBook, kamfanoni da ma'aikatu ne ke sayensu da yawa su raba wa ma'aikata, bayan shekara uku ko huɗu su canza duka, ko sun lalace ko ba su lalace ba. An ƙera su ne don a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma kayansu sun cika kasuwa, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja: batir, kibod, allo, fanka. Sabuwa mai irin wannan ƙarfin tana nan, amma kuɗinta ya ninka abin da ya ware. Sabuwar da kuɗinsa zai saya kuwa ba za ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba, ranar farko. Sannan ka nemi mai shago ya rubuta maka garanti a rasit, ko na wata ɗaya ne, da lambar jikin na'urar. In da hali ka tafi da kawun shagon, ya ga mutumin ido da ido. Manya sun fi yarda da abin da aka yi a gabansu.

Mai Gyara: To ga abin da Malam ya bar mini. Saboda daga ma'aikatu sunka fito, wasu na zuwa da kalmar sirri a BIOS wadda ba wanda ya sani. Windows na tashi lafiya, komi na aiki, sai ranar da kaz zo kunna VT-x ka tarar da ƙofa a kulle. A ThinkPad na wannan zamanin cire ƙaramin batirin bod ba ya goge ta. An kawo mini irinta, mai ita ya sayo a wani gari, ya koma mai shagon ya ce bai san zancen ba. Don haka a gabansa ka kashe ta ka kunna, ka danna F1 in ThinkPad ce, F2 a Dell, F10 a HP. Ka shiga, ka canza wani abu, ka ajiye. In ta nemi kalmar sirri, ajiye musu abarsu ko nawa sunka rage.

Wasu kuma an yi musu rajista da sunan kamfanin da ya mallake su, da ka sake ɗora Windows ka haɗa da intanet sai ta buɗe da tambarin wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikaci. Maganin wannan, a ɗora sabuwar Windows a gabanka, a haɗa ta da wayarka, ka ga ta wuce.

Batir: buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ba ka takarda, ka duba Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko yadda anka ƙera shi, na biyu abin da ya rage. In ya faɗi ƙasa da rabi, kuɗin sabon batir ya fita daga farashi. Faifai kuma ka tafi da CrystalDiskInfo a filash, shina nuna lafiyarsa da awannin da ya yi aiki. Buɗe Notepad ka danna kowane harafi. Gwada caja a duka bakunan USB-C biyu, don T480 an san ta da matsalar bakin Thunderbolt, har Lenovo ta fitar da gyaran manhajarsa. Allon ma duba, akwai mai 1366 da 768, akwai mai 1920 da 1080. Taga uku a ƙaramin allo takura ce, nemi babban.

Kuma kada wani ya ji an yabi T480 ya je ya sayi suna. Akwai T480 da sunka zo da i5 zubi na 7. T480s da T490 gurbi ɗaya gare su, sauran ram ɗin a liƙe. In ba a samu ba, EliteBook 840 G5 ko G6 da Latitude 5490 ko 5400 duk gurbi biyu ne. Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi ya duba masu Ryzen 5 PRO 4650U, ƙwaya shida ce.

Ɗan Kaura: Tun da kun ƙi tawa, ga wata. Ya goge Windows ya sa Linux a matsayin uwar gida, ya yi amfani da KVM, manhajar VM ta Linux. Zai tsira da giga biyu ko fiye na ram, giga 8 ɗin ma sai ta ɗan yi numfashi.

Malamin Netwok: Dabara ce mai kyau ga wanda ya riga ya saba. Shi yanzu zai fara. In wani abu ya ƙi aiki daren da zai miƙa aiki, duk 'yan ajinsu VirtualBox a kan Windows suke, ba mai taimaka masa. Ya bari sai hutu. Amma akwai rabin shawararka da zan ɗauka: in ram bai samu ba nan kusa, ya sa Windows 10 a matsayin ta ma'aikaci a ciki, tunda ba za ta fita intanet ba, tana tashi da giga 2. Kuma ba dole ne duka uku su kasance a kunne kullum ba.

'Yar Tsafe: Malam, afuwan na shigo tsakiya. Tawa ram 16 ce, i5 zubi na 10, amma Kali a VirtualBox tafiyar hawainiya take. A ƙasan tagar akwai wani ɗan koren kunkuru. Ko cuta ce ta shiga?

Malamin Netwok: Ba cuta ba ce, 'yata. Kunkurun yana gaya miki cewa Windows ta riga ta kama VT-x don kanta, VirtualBox a bayanta yake bi. Hyper-V ne ke jawo haka, ko Memory Integrity da ke cikin Windows Security ƙarƙashin Core Isolation, ko Virtual Machine Platform da WSL2, Linux na cikin Windows, ke amfani da shi. In kin kashe su kika sake kunna na'ura, za ki ga alamar V ta maye gurbinsa. Sai dai ki sani Memory Integrity kariya ce, kashe ta ragi ne a tsaron na'urarki. In ba ki so, ki koma Hyper-V ɗin gaba ɗaya in Windows ɗinki Pro ce.

Kuma tun da an ambaci Metasploitable, ku ji da kyau, ku duka. An gina ta ne da gangan cike da ɓaraka. Kada wanda ya sa katin netwok ɗinta a Bridged, saitin da ke buɗe ta ga netwok na waje, ya haɗa da wayfai na makaranta ko na gida. A sa shi a Host-only ko Internal Network, ta tsaya a cikin laftof ɗin. Kayan aikin Kali kuma a kan na'urorinka na ciki kaɗai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta san “gwaji nake yi” ba.

'Yar Tsafe: Kunkuru ya tafi. Allah ya saka da alheri, Malam.

Ɗan Tudun Wada: Yayyena, mun je shagon mai T480 ɗin da kawu bayan Azahar. BIOS a buɗe take, na kunna VT-x da hannuna. Allon babba ne. SSD 256. Batirin ciki ya rage kashi 70 da wani abu, na wajen ya kusa mutuwa. Kawu ya sa mai shago ya rubuta garantin wata ɗaya, ya kuma matsa masa har ya rage kuɗin batir, ni ko baki ban sa ba. Mai shagon ya ce in na ƙara kuɗi zai cika mini ram ya zama 16. In ba shi?

Mai Gyara: Tsaya tukuna. Giga 8 ɗin da ke ciki, sanda ɗaya ce ko 4 da 4? Koma Task Manager, taɓa Memory, duba Slots used.

Ɗan Tudun Wada: An rubuta 2 of 2.

Mai Gyara: Ka gani. 4 da 4 ne, gurbin duka a cike. In ya zare ɗaya ya sa 8, 12 za ka samu ba 16 ba. Ka ce ya karɓi nasa biyun ya sa maka sanda ɗaya mai 16, DDR4 ta laftof, ka biya bambanci. Gurbi ɗaya ya zauna fanko har ranar da za ka cike 32. Ram na da tsada, saboda haka faifan 512 ya jira, ka samu na waje daga baya ka riƙa kwashe tsofaffin VM a ciki.

Bakabe: Sanda ɗaya ai ta fi biyu rashin gudu, Mai Gyara. Ka faɗa masa wannan ma.

Mai Gyara: Ta fi, kaɗan, kuma ba a aikinsa zai ji ba. 8 da 8 in ya tashi ƙari sai ya zubar da ɗaya. Ƙanena, in kun gama biyo da ita shago kafin Magariba in buɗe in share fankar in canza mata man furosesa. Taho da filash mai giga 32, akwai Kali da Server a wurina, kada ka ƙona datarka.